Hannun Yaya Uwa na Dama

Ranar da Koci Larai ta ce wa yayata ɗagawarta ba ta ci ba, ƙarfen bai faɗo mata ba, kuma ba gazawa ta yi ba. Kilo hamsin da biyar ne cif, ta tura shi sama har hannuwanta suka miƙe. Ni har na fara tafi kafin in lura da fuskar Koci.

"Bai ci ba," in ji ta.

"Bai ci ba kamar yaya, Anti? Ga shi fa a sama!" Yaya Uwa ta faɗa tana kwance tana haki.

"Na gan shi a sama. Amma hannunki na hagu ya riga na dama isa, sandar ta karkace. A gaban alƙalai wannan jar tuta ce, ko da kilo ɗari kika ɗaga."

Aka mayar da sandar kan maratayinta. Na sunkuya na kwance mata ɗamarar da ake ɗaure ƙafafunta da ita a jikin benci, ina jin yadda numfashinta ke fita da zafi. Ba ta kalle ni ba.

Sunan yayata Ummussalma, sunan kakarmu Hajja aka mayar mata, shi ya sa a gida ba mai kama sunan. Baba yana ce mata Uwata, mu kuma mu ce Yaya Uwa. Shan inna ya taɓa mata ƙafafu tana shekara uku, yanzu tana da ashirin da biyu. A gari da keken hannu take yawo, a ruwa kuwa ita ce ke tuƙa jirgin Baba tun tana shekara goma sha biyu, shi yana gaba yana duba gura, wato tarkon kifinsa. Mu biyu kaɗai Allah ya ba shi, kuma ni Aziza ban taɓa yi masa amfani a ruwa ba. Littafi na iya, shi ma a ɗaki.

Koci Larai a kasuwar kifi ta fara ganinta. Yaya tana zaune a kan kekenta ta sunkuya ta ɗauki baho cike da tarwaɗa daga ƙasa ta ɗora a baya, ba tare da ta nemi kowa ya kama mata ba. Koci, wadda ita ma da sanduna biyu take tafiya, ta biyo mu har gida ranar. Ta gaya wa Baba ta yi shekaru tana wasan ɗaga ƙarfe na masu lalurar ƙafa, wanda a kwance ake yinsa a kan dogon benci, a sauko da sanda kan ƙirji a tura ta sama. Ta ce ta ga hannuwa da yawa a rayuwarta, amma irin na Ummussalma ba su fi uku ba. Baba ya kalli Hajja. Hajja ta tambaya ko mata ne a wurin. Aka ce mata ne, a tsakar gidan cibiyar koyon ɗinki. Ta ce to takwararta ta je, ai ba a gadon ƙarfi a bar shi a baho.

Wata huɗu ke nan da farawa. Yanzu saura mako shida alƙalai su zo Haɗeja su zaɓi waɗanda za a kai sansanin horo a Dutse. A ajin nauyin Yaya sai wadda ta ɗaga hamsin da biyar ba kuskure, kuma sau uku kacal ake ba mutum dama. Bayan zaɓen, Koci za ta bi 'yan wasan can, benci da sanda da faya-fayan ƙarfen duk aro ne, za a mayar. Idan Yaya ba ta shiga motar Dutse ba, babu sauran inda mace za ta kwanta ta ɗaga ƙarfe a garin nan. Ita ma ta sani, shi ya sa ranar ba ta ci tuwon dare ba.

Aikina a wannan harka karatu ne. Koci ta ba ni takardun dokokin wasan da Turanci, shafi goma sha ɗaya, na karanta su har na haddace, kullum bayan la'asar ina fassara wa Yaya. Abin ya shige ni fiye da yadda na zata. Da can na ɗauka ƙarfi ne kawai, ka tura abu ya tafi. Ashe tun kafin a taɓa sandar aiki ya fara. Mutum zai kwanta idonsa daidai ƙarƙashin sanda. Koci takan sa yatsa a tsakiyar bayan Yaya ta ce, "Matse min shi da allon kafaɗunki, ki ja su ƙasa, kada ki sake su sai kin gama." Babban yatsa dole ya zagaye sandar, don in an bar shi a baya tana iya sulɓewa ta faɗo a wuya. Wuyan hannu a miƙe, ba a lanƙwashe ba. Gwiwar hannu kuma kada ta buɗe kamar kaza za ta tashi, a ɗan jawo ta kusa da haƙarƙari. A ja numfashi a riƙe, a sauko da sandar a hankali zuwa ƙasan ƙirji, ta tsaya cak yadda kowa zai gani ta tsaya, sannan a tura. Kai ba ya ɗagowa, mazaunai ba sa barin benci. Kuma hannu biyun su isa sama tare.

Duk Yaya ta iya, ban da na ƙarshen.

"Wai ke bahaguwa ce?" Koci ta tambaye ta washegari.

"Wallahi a'a, Anti. Da dama nake komai."

"To me ya ba hagunki wannan zafin nama? Na saba ganin dama ya riga hagu. Naki a juye yake."

Da labarin ya je gida Hajja ta ɗauki abin da zafi. Ta ce ba a taɓa haifar bahago a zuriyarta ba, in akwai to daga wajen mahaifiyarmu ne, Allah ya jiƙanta. Yaya ta ce, "Hajja, ke da kike zuba gishiri da hagu?" Hajja ta ce wannan dabarar girki ce, ja'ira.

Koci ta sa Yaya ɗaga ƙaramin ƙarfe da hannun dama kaɗai, kwana biyar, amma sauyin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Sai ta kira ni gefe.

"Aziza, ke ce mai ido huɗu," ta ce tana nuna tabarauna. "Akwai abin da take yi kullum da ke ciyar da hagun nan. Abin da nake ginawa a awa ɗaya, wani abu yana rushe shi a awa biyar. Ki bi ta ki gano min."

Na ji daɗi ƙwarai, har na ware sabon littafin rubutu. Kwana biyu ina bin Yaya. Na rubuta yadda take murza keke, hannu biyu daidai. Na rubuta yadda take jan guga, yadda take hawa gado, yadda take fasa kifi, duk da dama. Har ta gaji ta ce in ban daina kallonta tana wanke baki ba za ta jefa littafin a rijiya. A ƙarshe abu ɗaya ya rage ban gani ba, kuma tun farko na san shi ne nake kauce wa. Rabona da shiga jirgi tun ina aji uku a firamare, ranar da na ga maciji yana iyo kusa da hannuna.

Ranar Asabar bayan gari ya waye na bi su bakin ruwa. Watan Oktoba ne, ambaliya ta fara ja baya, amma fadama har yanzu shimfiɗe take da ruwa iya ganinka. Baba ya ɗauki Yaya daga keke ya zaunar da ita a kan katakonta na bayan jirgi. Ni aka sa ni a tsakiya a kan buhu, na riƙe gefe biyu da ƙarfi har yatsuna suka yi fari.

"Malama, buɗe ido mana," in ji Yaya. "Da ido a rufe za ki yi binciken?"

Na buɗe. Muka shiga wata siririyar hanya tsakanin kachala, ciyawar ta fi tsawon mutum, tana goga jikin jirgin tana ƙara. Balbelu suka tashi a gabanmu. Baba yana tsayawa nan da can ya ɗago gura, ya zazzage karfasa da 'yan tarwaɗa a ƙasan jirgi suna tsalle a kan ƙafata. Sai da muka yi nisa zuciyata ta ɗan kwanta, na juya a hankali na fuskanci Yaya.

A gefen dama take tuƙi. Na yi minti goma ina kallo ba ta sauya ba ko sau ɗaya. Da farko na ce a raina, to ai wannan dama ya kamata ya ƙarfafa. Sai na ƙara dubawa. Hannunta na dama yana ƙasa kusa da ruwa, ja yake yi. Na hagu shi ne a saman filafilin, a kan ƙoƙon, kuma duk bugu ɗaya sai ya taso daga kusa da kafaɗarta ya tura gaba har ya miƙe. Daga ƙirji zuwa miƙewa. Daidai abin da take yi a kan benci, sai dai wannan a zaune.

"Shi ne! Wallahi shi ne!"

Ban san na miƙe tsaye ba sai da jirgin ya tangaɗa, ruwa ya shigo ta gefe. Baba ya daka min tsawa in zauna, Yaya ta danna filafili a ruwa ta tsayar da mu. Na zauna a cikin kifi, ba a kan buhu ba, amma ko a jikina.

"Yaya, hagunki ne ke turawa! Dama ja kawai yake yi! Sau nawa kike bugawa a rana? Dubu? Shekara goma fa! Me ya sa ba kya sauya gefe?"

Yaya ta kalli hannuwanta kamar yau ta fara ganinsu. Baba ne ya ba da amsa.

"Ai jirgin ne. A karkace yake. Wata shekara na bar shi a tudu, rana ta buge shi gefe ɗaya ya lanƙwashe. Tun daga nan dama yake ja. In ba a dama aka tuƙa shi ba, ba ya tafiya sosai."

"Bari mu gani," in ji Yaya. Idonta ya riga ya fara ƙyalli.

Ta mayar da filafilin hagu, dama ya hau sama. Bugu uku, hancin jirgin ya juya ya shige cikin kachala har ganye ya rufe Baba. Ta ja baya ta fito da mu fili, ta sake gwadawa. Wannan karon muka yi da'ira cikakkiya, muka sake yin wata, kamar jakin da aka ɗaure a turke. Ashe Malam Zarami, abokin Baba tun yarinta, yana can gefe a nasa jirgin yana kallonmu.

"Shu'ibu!" ya ƙwala wa Baba kira. "Wani abu ya faɗa muku a ruwa ne kuke zagaye shi? Ko ɗawafi kuke koya?"

"Kai dai duba komarka, ko jiya ba ka kama komai ba sai takalmi!" Baba ya mayar masa, amma a hankali ya ce, "Uwata, mayar da shi dama mu tafi."

Muka dawo gida da rabin murna. Mun gano ciwon, maganin ne babu. Sabon jirgi ba abin da za a yi maganarsa ba ne, kuma Yaya ba za ta daina tuƙi ba, da kifin muke ci. Ina zaune a tabarma kusa da Hajja tana ɓare tsamiya za ta dama kunu, na ɗauki guda ɗaya mai lanƙwasa ina juya ta a hannu. Na ajiye ta a tabarma na ce a raina wannan jirgin Baba ne. Daga inda nake zaune, bakinta dama ya nufa. Na tashi na zagaya ɗaya ɓangaren na tsuguna. Daga nan kuma hagu ya nufa. Na koma, dama. Na dawo, hagu.

"Ke lafiyarki?" in ji Hajja. "Tsamiyar kike wa gaisuwa?"

Na ruga ɗakin Yaya da tsamiyar a hannu, na kasa ma jera magana. Sai da na nuna mata sau biyu. In ta bar bayan jirgin ta koma ta zauna a hancinsa, bayan ya zama gaba, to hagu zai riƙa ja. Dole a tuƙa shi a hagu. Dama ya hau saman filafili ya yi turin da hagu ya yi shekara goma yana yi. Yaya ta yi wata irin ƙara ta jawo ni ta matse, har tabarauna ya faɗi.

Baba ne ya ƙi.

"Jirgi da gindi a gaba? A gaban Zarami? A gaban duk mutanen bakin ruwa? Uwata, ki rufa min asiri."

"Baba, mako biyar ne kawai."

"Mako biyar ɗin har jikokinsu sai sun ji labari."

Hajja tana tace kunu ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Shu'ibu, kai da ka taɓa fita sallar Idi da riga a bai-bai, wace dariya ce ba ka sha ba? Je ka buga wa takwarata katako."

Da yamma muka ji ƙarar guduma daga bakin ruwa.

Ranar farko ban shiga ba, a gaɓa na tsaya, amma har can ina jiyo Malam Zarami. "Shu'ibu, don Allah fitar da ni duhu, tafiya kuke ko dawowa? In san irin gaisuwar da zan yi muku!" Mutane suka kwashe da dariya, yara masu wanki suna nunawa. Baba ya ja hularsa ya rufe goshi. Jirgin kuwa ya miƙe sak, ya shige hanyar kachala kamar an ja shi da zare.

Makon farko Yaya ta sha wuya. Kafaɗarta ta dama ta yi tsami, har sai na gasa mata da ruwan ɗumi, kuma sukan dawo a makare kifi ya fara laushi. Koci da ta ji labarin tsamiya ta yi dariya har ta saki sanda ɗaya, sannan ta rage nauyin horon zuwa arba'in, ta ce sai kafaɗar ta saba. Ta ba ni sabon aiki. In tsuguna ta wajen kan Yaya, idona daidai da sandar, in auna ta da layin bulo na katangar da ke fuskantata. A makon farko hagu yana riga dama da faɗin tafin hannu. A na uku ya dawo yatsa biyu. A na biyar, ranar Laraba, na ga sandar ta hau daidai da layin bulo daga wannan ƙarshe zuwa wancan, da kilo hamsin da biyar a jikinta. Na yi tsalle har na taka zaren wata mai koyon ɗinki.

"Sau ɗaya ne," in ji Koci, ko da yake ita ma murmushi take. "In ta gaji ko ta tsorata, tsohon hali zai dawo. Kafaɗar hagun ce ke fara zamewa daga benci, daga nan hannun ya tsere."

Ranar zaɓe a zauren taron wata makarantar sakandare aka yi. Ban taɓa zaton mutane za su cika shi haka ba. Kekunan hannu sun yi layi a bakin ƙofa, wasu daga Kaugama, wasu daga Miga, har da wata da aka kawo a bayan babur daga wajen Baturiya. An kafa benci a kan dandamali. Alƙalai uku, ɗaya ta wajen kai, biyu a gefe, kowanne da tuta fara da ja. Fara biyu sun isa. Maza biyu majiya ƙarfi suna tsaye a gefen sandar don tarewa in ta kufce. Hajja ta sa aka ba ta kujera a sahun gaba, carbi a hannu. Baba da Malam Zarami suna can baya a jikin taga, wai shi Malam Zarami ya zo ne ya ga abin da aka ɓata sunan jirgi dominsa. Ni ina ƙarshen sahu na uku, ta gefen hagun benci.

Aka kira, "Ummussalma Shu'ibu, kilo hamsin da biyar."

Ta sa riga mai dogon hannu da ta kama jiki don alƙalai su ga gwiwar hannu, da ƙaramin hijabi da ta cusa a wuyan riga. Ta hau benci da kanta, Koci ta ɗaure mata ƙafafu ta sauka. Aka ciro mata sandar. Babban alƙali ya ce, "Fara!"

Saukowar ta yi sauri, tun daga nan na san akwai matsala. Sandar ta taɓa ƙirjinta ta yi tsalle ta koma sama ba ta tsaya ba. Ta miƙe da ita kamar ba komai, zauren ya ɗauki tafi. Tuta uku suka tashi, duka ja.

"Kai! Me ta yi?" Hajja ta miƙe. "Ba ga shi ta ɗaga ba? Ɗan nan, idonka lafiya?"

Na lallaɓa na je na zaunar da ita, na raɗa mata dokar tsayawa a ƙirji. Ta ce to me ya sa ba a gaya wa yarinya ba. Na ce an gaya mata sau ɗari, Hajja.

Wasu mata huɗu suka yi nasu, aka sake zagayowa kanta. Wannan karon ta sauko a hankali, ta tsaya cak. Na ce Alhamdulillahi a zuci. Ta tura. Rabin hanya lafiya lau, sai na ga rigarta ta motsa a kafaɗar hagu, kafaɗar ta ɗan ɗago daga benci, hannun ya wuce ya bar ɗan'uwansa. Kaɗan ne, bai fi yatsa biyu ba. Alƙaliyar da ke gefen dama ta ɗaga fara. Sauran biyun, ja.

Surutu ya ɓarke a zauren. Na ga Yaya a bayan dandamali tana zaune a kekenta, ta kafa wa tafin hannunta ido. Koci tana gefenta tana mata magana, amma daga inda Koci ta tsaya ɗazu, ta dama, ba za ta ga kafaɗar ba. Na tashi zan je wurinsu, wani mai kula da taro ya tare ni ya ce 'yan wasa da masu horarwa kaɗai. Babu yadda zan yi. Na koma na zauna.

Aka kira sunanta karo na uku. Ta hau, aka ɗaure ta. Ta kama sandar, ta zagaye babban yatsa, ta fara gyara kwanciya. Mutane suna ta ihu, "Uwa! Uwa!" Na ga kafaɗar hagun ba ta shige ƙasa sosai ba tun yanzu.

Na hau kan kujera.

"Yaya! Kafaɗar hagu! Ja ta ƙasa ki danne!"

Muryata ta fita siririya kamar ta usur, rabin zauren ya juyo yana kallona. Yaya ba ta juyo ba. Amma ta saki sandar, ta ɗan ɗaga ƙirji, ta matse allon kafaɗunta, ta murza na hagun a jikin benci sau biyu kamar mai kashe kiyashi da baya. Sannan ta sake kamawa, ta gyaɗa wa masu ciro sandar kai.

"Fara!"

Ta ja numfashi har na ga haƙarƙarinta ya buɗe. Sandar ta fara saukowa, a hankali, gwiwoyin hannunta kusa da jiki. Ta sauka a ƙasan ƙirji ta tsaya. Na ƙirga ɗaya. Ta taso. Ta yi tafin hannu ɗaya, biyu, sai ta tsaya a tsakiya, wurin da ko yaushe hagu ke tserewa. Hannun daman yana rawa. Na hagun yana nan daidai da shi, bai wuce ba, yana jira. Masu tarewa suka matso da hannuwa a buɗe, Koci ta daka musu tsawa kada su taɓa. Jijiyar wuyan Yaya ta fito. Can daga taga na jiyo muryar Malam Zarami ta fi ta kowa, "Tura, 'yar Shu'ibu! Tura!"

Sandar ta motsa. Ta ƙara motsawa. Gwiwoyin hannu biyu suka miƙe.

"Ajiye!"

Ƙarfe ya daki maratayi. Babban alƙali ya ɗaga fara. Na gefen hagu ya ɗaga ja. Alƙaliyar gefen dama ta ɗan tsaya, wallahi ban san ko daƙiƙa nawa ba ne, sannan ta ɗaga fara.

Hajja ta rangaɗa guɗa, carbinta ya tsinke 'ya'yan suka watse a ƙasa. Ban san yadda na wuce mai kula da taron ba, sai ganina na yi a kan dandamali ina kokawa da ɗamara, yatsuna sun kasa kwance ta. Yaya tana kwance tana dariya, hawaye yana gangarawa cikin kunnenta.

"Aziza, biyu ne ko? Ban gani ba. Biyu ne?"

"Biyu ne, Yaya! Biyu!"

Da aka tashi taron, ta murza kekenta da ƙyar ta je wurin alƙalin da ya ba ta ja, wani dattijo mai furfura yana naɗe tutocinsa. Ta gaishe shi, ta ce don Allah Baba me ya gani.

"Kanki ya ɗago daga benci, kaɗan, wajen ƙarshe," in ji shi. "Su ba su gani ba, ni na gani. A Dutse akwai masu ido irin nawa da yawa."

"To na gode, Baba. Zan gyara."

Koci ta iso da takarda da biro, ta ce motar ranar Alhamis za ta tashi da ƙarfe bakwai na safe, kowa ya cika sunansa ya sa hannu. Yaya ta karɓi biron, ya faɗi. Ta sake ɗauka, hannun daman yana ta karkarwa, ya ƙi tsayawa a kan layi. Ta miƙo min.

"Cika min, Malama. Ki rubuta da kyau yadda za su iya karantawa. Wurin sa hannun ki bar min, in ya huce zan sa."